Direban da Bai Taɓa Tuƙi Ba

Zuwa ga Umma, wadda ke kwance a kudancin Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwar ladabi irin wadda ɗa ke yi wa mahaifiya, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, ɗanki Sa'idu ne ke rubuto miki. Na san babu mai kai wasiƙa inda kike. Ko da kina raye ma ba da kanki za ki karanta ba, Yaya Maryama za ki miƙa wa, ta dinga karantowa da gurguwar Hausarta ta haihuwar Jidda, ke kuma kina tsayar da ita kina gyara mata. To, zan sa ta a shafina na intanet, duk mai son leƙe ya leƙa. Amma da ke nake magana.

Umma, abin nema ya samu. Ina rubuto miki ne daga wani gari da ake kira Burno, a ƙasar Cek, can tsakiyar Turai. Na san tambayoyinki, bari in amsa tun kafin ki yi: na gano alƙibla, akwai ƙaramin masallaci da nake zuwa Juma'a, kuma ban ci abin da ban sani ba. Wata huɗu ke nan da saukata. Ina da ɗaki da ɗan kicin a hawa na uku, da takardar zama mai hotona, kuma babu kafili a kaina, ubangidan nan da zaman baƙo ke rataye a hannunsa. Ki sake ji da kyau: babu kafili. Aikin kuwa shi ne dai wanda kika sani, danne-dannen nan da kike rufewa da zane in an yi baƙo. Ina zaune a ɗakina ina tsara littattafai ina tura wa masu su ta intanet, sai dai yanzu labulen tagata a ɗage yake.

Amma saura ƙiris in ɓata komai da bakina, kuma da darasinki na so ɓata shi. Shi ya sa na ce dole ki ji yadda aka yi. Ki yi haƙuri in maimaita abin da kika fi ni sani, saboda masu leƙe.

Ke da Baba kun zo aikin Hajji daga wani ƙauye a ƙasar Kano tun kafin a haife mu, kuka ga wuri kuka zauna. Baba ya yi dako a rumbunan ajiya na Khumra har bayansa ya ƙare, Allah Ya ɗauke shi ina ɗan shekara tara. Ke kika riƙe mu da farantin gyaɗa da goro a bakin ofisoshin Bagdadiyya. A unguwar Karantina aka haife mu, ni da Yaya Maryama, a can muka yi wayo. Da na kai shekara goma sha takwas aka yi wani sassauci, aka ce haifaffun gari su gyara zamansu. Kika yi ta sintiri har wani dattijo mai sayen goronki, Abu Fahad, ya yarda ya zama kafilina. Iƙama ta fito, katin zama ke nan, kuma a gurbin sana'a an rubuta direban gida.

Direba! Ni da ko keke na hau sai na nufi kwata. Har yau da nake miki wannan rubutu ban taɓa riƙe sitiyari ba. Shi kansa Abu Fahad ba ya buƙatar direba, 'ya'yansa maza huɗu kowa da motarsa. Gurbin da ke hannunsa ke nan, shi ya ba mu, muka karɓa da hannu biyu.

Kin tuna bitar da kike yi mini? Muna cikin cin tuwo, hannuna a kwano, sai ki sauya murya ki koma jami'in jawazat, masu kamen marasa takarda. "Iƙama! Esh shuglak?" Wato mene ne aikinka. Ni kuma in ce, "Sawwag," direba. "Wa kake yi wa tuƙi?" "Abu Fahad." In na yi jinkiri ko na ƙiftawar ido, ludayi ya sauka a kaina. Sai ki ce, "Abin da takarda ta ce, shi ne gaskiyarka. Sauran ka bar wa Allah, Shi ba Ya kame." Ni da Yaya mu yi ta dariya, ke kuwa ko murmushi ba ki yi.

Kuma kina da hujja. Duk unguwa ta ga abin da ya sami Malam Isiyaku tela, wanda iƙamarsa ta ce makiyayi ne. A kan keken ɗinki aka same shi. Aka tambaye shi aikinsa, bawan Allah ya kalli almakashin da ke hannunsa ya ce tela. Da tef ɗin awo a wuyansa aka sa shi a mota, matarsa da 'ya'yansa biyar suna tsaye a bakin lungu. Ranar kika dawo gida kika ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daga nan bitar ta koma sau biyu a yini.

Ainihin aikina kuwa a ɗakin baya na wata ƙaramar maɗaba'a a Bagdadiyya na koye shi, wurin wani Basudane. Na fara da katin biki, na koma takardun makaranta, har na iya zaunar da rubutun Larabci a shafi da wasullansa, kowane a kan harafinsa, babu wanda ya hau wani. Da kika ga hannuna ya faɗa, kika ce zaman maɗaba'a haɗari ne, ana yawan kai musu samame. Kika ja ni haraj, kasuwar gwanjo ta wajen Khumra, muka sayo tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya. Na ce zan ɗauka, kika ce a'a, direba ba ya yawo da irin wannan. Kika naɗa gammo kika ɗora ta a ka, kika lulluɓe ta da zane, muka ratsa lungunan Karantina mata na tambayarki ko injin markaɗe kika sayo. Kika ce musu eh.

A kasuwar nan kika saya mini makullin mota, makulli kawai, babu motar. Kullum da safe sai na sa farar riga na fita ina kaɗa shi a yatsa, in zaga ta bayan masallaci, in dawo ta ƙofar baya, in hau ɗakin sama in kunna kwamfuta. Shekara da shekaru mutanen unguwa na roƙona in rage musu hanya zuwa kasuwa ko asibiti, ina cewa maigida ba ya son a ɗauki kowa. Har aka sa mini suna direba marowaci.

A ɗakin saman nan na haɗu da Pabel. Dattijo ne ɗan ƙasar Cek, yana da ƙaramin kamfanin buga ƙamus da littattafan koyon Larabci. Ya yi cigiya a wani dandalin intanet, yana neman wanda zai iya haɗa Larabci da harshensu a layi ɗaya, wannan na tafiya daga dama, wancan daga hagu, ba tare da sun yi karo ba. Na tura masa shafi goma na gwaji. Ya aiko mini da ɗari uku. Daga bakinsa wasu suka ji labarina, a Ostiriya da Labanan, aiki ya yi ta zuwa. Shekara takwas muna tare bai taɓa ganin fuskata ba.

Ba na manta ranar da littafin farko ya iso ta akwatin gidan waya na Basudanen nan. Kika wanke hannu kafin ki taɓa shi. Kika riƙe shi a juye, kika shinshina, kika shafa shafukan ɗaya bayan ɗaya kina cewa, "Duk wannan daga yatsun nan ya fito?" Idonki ya ciko. Sannan kika naɗe shi a tsohon ɗankwali kika tura shi can ƙarƙashin gado, bayan buhun gyaɗa.

Duk littafin da muka gama sai Pabel ya ce zai sa sunana a shafin ciki, inda ake rubuta waɗanda suka yi aikin. Na taɓa kawo miki maganar ina washe baki. Kika ajiye faranti kika dube ni. "Suna a littafi? Kai da kanka za ka rubuta wa jawazat shaida?" Na koma na ce masa ya bari. Littafi goma sha ɗaya suka fita, babu sunana ko a ɗaya.

Sai Allah Ya karɓe ki, bayan jinyar kwana shida. Ba zan yi maganar wannan ba, har yanzu ban iya ba. Shekara biyu bayanki Abu Fahad ya bi, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa wulaƙanta mu ba. Bayan an share makoki babban ɗansa Fahad ya kira ni. Bai yi mini rashin mutunci ba, har shayi ya zuba mini da hannunsa. Ya ce, "Ya Sa'id, abuya, mahaifina, Allah yarhamu, mutum ne mai tausayi. Amma ni, wallah, ba zan riƙe direban da ba ya tuƙi ba. In iƙamarka ta ƙare, halas." Saura wata biyar a lokacin. Na nemi wani kafilin har takalmina ya cinye, ban samu ba.

Kin san abin da ke bayan wannan halas ɗin, wato magana ta ƙare. Fita ce ta ƙarshe, zuwa ƙasar da ke rubuce a fasfona, wadda ban taɓa shan ruwanta ba. Ba ƙin ƙasarku nake ba, Umma. Amma Kano a wurina labari ce da kike ba mu kina ɓarar gyaɗa, ban san ƙofar kowa a can ba, ga ni ɗan shekara talatin da biyu. Na rame, abinci ya fita kaina. Yaya Maryama, wadda ke zaune a kan iƙamar mijinta, kullum sai ta zo ta zauna a gabana ta yi kuka da Larabci.

Na rubuta wa Pabel in sanar da shi, kada ya ga aiki ya tsaya babu dalili. Amsarsa ta zo kafin la'asar. Ya ce a ƙasarsu mutum na iya yankar lasisin sana'a da sunan kansa, ya nemi bizar zama a kai, ya zauna a ɗakinsa yana yi wa duk wanda ya ga dama aiki. Na karanta sau uku ina neman inda aka ambaci kafili. Na tambaye shi, to wa zai tsaya mini? Ya ce kai. Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri: dole in nema daga ƙasar da nake da halattaccen zama, wato kafin iƙamata ta mutu. Dama ɗaya ce, in ta kuɓuce babu ta biyu. Ya taimaka aka yanki lasisin, ya samo mini takardar hayar ɗaki. Fahad ya buɗe durowa ya miƙo mini fasfona, wanda tun da aka yi shi bai taɓa kwana a gidanmu ba. Aka ba ni ranar ganawa a ofishin jakadancinsu da ke Riyad.

Ga inda ɗanki ya tafka ta. A takardar neman biza akwai gurbin sana'ar da kake yi yanzu. Umma, ko tunani ban yi ba. Hannuna da kansa ya rubuta direba, ya rubuta gidan Abu Fahad a wurin mai ba da aiki. Wasiƙun waɗanda nake yi wa aiki da yarjejeniyoyinmu na shekara takwas, duk na zare su daga fayil na bar su a gida, don a ganina shaidar laifi ce. Sabo turken wawa.

Kuma ba ni kaɗai ba ne a wautar. Ana gobe tafiya dattawan lungunmu suka taru a tsakar gida bayan la'asar, kowa da shawararsa, duk kuma shawara ɗaya ce. Ofis ofis ne, in ji su, na Bature da na Balarabe waya ɗaya ke haɗa su. Yaya Maryama ta karɓi aikinki. Ta tsaya a kaina da ludayi, wallahi da ludayi, tana cewa, "Yalla ya akhuya, esh shuglak? Ka faɗa! Kada ka ce komai sai abin da ke cikin iƙama, fihimt?" Na ce sawwag. Aka yi mini addu'a aka watse, kowa na ganin an shirya ni tsaf.

Wata mata ce ta gana da ni a Riyad, mai gajeren gashi da furfura da tabarau, tana Larabci irin na masu karanta labarai. Ta buɗe fayil ta tambayi aikina. Na ce direba, tun ba ta rufe baki ba. Ta tambayi shekara nawa. Na ce goma sha huɗu. Ta ce wace irin mota. Nan na fara zufa, don a bitarki ba mu taɓa kaiwa nan ba, jawazat ba su tambayar irin mota. Na ce fara. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce in ba ta lasisin tuƙi. Na laluba aljihu, abin da hannuna ya taɓo shi ne makullin nan naki.

Ta jera takardu biyu a gabana. Ta ce wannan ta ce kai direba ne, wannan kuma ta ce za ka je ƙasarmu ka yi sana'ar tsara littattafai, kuma babu abin da ke nuna ka taɓa tsara ko shafi ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ba gaskiya ba ce, in ji ta, kuma ba za ta iya tura fayil a haka ba. Ta fara tattara takardun. Ba faɗa, ba tsawa. Ina zaune ina kallo tana haɗe su da ɗan ƙarfen maƙale takarda.

Umma, na ji muryarki a kunnena sarai, kina cewa in yi shiru. Na ga Malam Isiyaku da tef a wuya. Na tabbatar in na buɗe baki, kafin in kai ƙofa mota na jirana. Amma na duba na ga in na yi shirun ma motar ce dai, 'yan watanni kawai za ta ƙara mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce mata, "Sayyida, ban taɓa tuƙi ba." Na ce ni mai tsara littattafai ne, shekara takwas ke nan, a wani ɗakin sama a Karantina. Karo na farko a rayuwata da na faɗi wannan a gaban mai hatimi.

Na jira ta ɗauki waya. Ba ta ɗauka ba. Ta zare ƙarfen daga takardun ta ce in ci gaba.

Kin san ni da surutu in an taɓo aikina. A jakata akwai ƙamus ɗin da muka yi da Pabel, na ɗauko shi ne don ya ɗebe mini kewa a mota, ba don shaida ba. Na buɗe shi na shiga yi mata bayani, yadda ake hana wasali hawa kan layin sama, yadda ake jan harafi don layi ya cika ba a bar giɓi ba, da shafin da ya cinye mini kwana uku saboda kalma ɗaya ta ƙi zama. Har na nuna mata wani layi da ya karkace can tsakiyar littafin, wanda babu mai gani sai ni, kuma har yau yana hana ni sukuni. A nan ta yi dariya. Ta ce ba ta taɓa ganin direban da wasali ya dama haka ba. Ta juya shafin ciki tana neman sunana, babu. Na gaya mata dalili, na ba ta labarinki da na ludayi. Ta rufe littafin ta miƙo mini. Sannan ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, can gida ake yankewa, amma ta ba ni mako biyu in kawo sabuwar takarda da gaskiya a ciki, da wasiƙun duk waɗanda na taɓa yi wa aiki.

Na fito da rana tsaka, na tsaya a bakin titi ina jiran a kama ni. Babu wanda ya ko kalle ni. Wani mai tasi ne kawai ya yi mini hon.

Da na dawo Jidda na ba da labari, Yaya Maryama ta ɗora hannu a ka. "Ka faɗa musu? Da bakinka? Ya waili!" Kwana uku ta ɓoye ni a gidan surukanta, duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai ta leƙa. Pabel kuwa da ya ji na zare wasiƙunsa daga fayil, ya aiko mini da saƙo mai tsawo, rabinsa faɗa ne. Cikin kwana goma sababbin wasiƙu suka iso daga ƙasa uku, kowace da hatimi, kowace na cewa wane ne ya tsara mana littafi kaza da kaza. Na zauna ni kaɗai a ɗakin sama ina karanta su ina maimaitawa. Ashe haka mutum ke ji in aka faɗi abin da yake.

Sai jira. Ba zan ɓoye miki ba, jiran nan ya fi ganawar wuya. Wata ɗaya, biyu, uku. Kullum sai na ciro iƙama na duba ranar mutuwarta, kamar zan tarar ta matsa gaba. Saura kwana tara, ina layin tankar ruwa da jarka biyu bayan azahar, waya ta yi ƙara. Muryar matar nan ce. Ta ce, "Mabruk, ya ustaz." Ustaz, Umma! Barka take yi mini, biza ta fito. Na bar jarkokin a layi, har yau ban san wanda ya gaje su ba. Na shiga lungu da gudu ina kabbara. Yaya Maryama ta fito babu takalmi ta rangaɗa guɗar da ba a ji irinta ba tun ranar bikinta. Dattawan da suka ce in kama bakina su suka fara cewa dama sun san yaron nan zai yi abin kirki. Na dai sayo musu lemo.

Sauran kwanakin a guje na yi su, daga Riyad zuwa hatimin fita zuwa sallama da mutane. Ranar da zan tashi, da hantsi, na je wurinki. Kin san maƙabartun garin nan, babu suna, babu alama, ƙasa ce shimfiɗe da ƙananan duwatsu. Mai gadi ya nuna mini sashen da aka yi binne a watan da kika rasu, ya ce nan ne ko kusa da nan. Na yi wa layin gaba ɗaya sallama don kada in tsallake ki. Na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa. Garin da aka haife ni ba zan sake shigarsa ba sai da bizar baƙo. Na yi nasara, amma ke na bari a baya, kuma wannan har yau yana yi mini ciwo.

Pabel ya tare ni a tashar jirgin ƙasa. Ashe gajere ne, ni da nake zaton wani dogo saboda tsawon saƙonninsa. Ya kawo mini ƙatuwar rigar sanyi ta ɗansa, ya rungume ni, muka tsaya muna kallon juna muna dariya, don da rubutu muka saba, ba da baki ba. Sanyin garin nan kuwa, Umma, ya wuce a ba da labari. Ke da kike neman bargo in an kunna fanka a Jidda, da ko kwana ɗaya ba ki yi ba. Na ga dusar ƙanƙara ta sauka a tafin hannuna ta narke. Gyaɗarsu babu daɗi, ba su iya suya ba.

A makona na biyu na ɓata hanya ina neman ofishin da zan karɓi wata takarda. Ina shan kwana sai ga 'yan sanda biyu suna tahowa. Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba, sai tsintar kaina na yi a wani lungu, na lafe a bayan kwandon shara. Ina nan tsaye na tuna fasfona na aljihuna, da biza a ciki, kuma abin da ke rubuce a takarduna gaskiya ne. Na fito na bi su da sauri har na cim musu. Na nuna musu adireshin na tambaye su hanya. Ɗayan ya raka ni har bakin ƙofa. Da na shiga aka tambayi sana'ata, na faɗa da ƙarfi har mutanen da ke layi suka waiwayo.

Yanzu bayan asuba nake zama aiki, in tashi da azahar. Masu ba ni aiki sun ƙaru, don yanzu ina iya cewa ga ni, ga adireshina. Ina koyon harshensu, mai wuya kamar taunar tsakuwa, tsohuwar da ke hawa na biyu tana gyara mini gaisuwa kullum a matakala. Ranar Juma'a nakan kira Yaya Maryama ta kwamfuta, ta fara da tambayar ko na ci abinci, ta ƙare da tambayar yaushe zan yi aure. Ta gaje ki sarai.

Kada ki ɗauka ina ganin laifinki, Ummata. Darasinki ne ya raya ni shekara goma sha huɗu a inda faɗin sana'a ke raba mutum da gidansa. Kin koya mini ɓuya don ba ki da abin da ya fi ta da za ki ba ni, kuma kin ɓoye ni da kyau har na kai inda ba sai na ɓuya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ke ba ki taɓa samun rana ɗaya irin wannan ba. Shekara talatin da 'yan kai a Jidda, kina tattara faranti kina tsallaka titi in kin hango mota mai fitila a ka. Ni ɗanki ban taɓa ganin sunanki a rubuce ba, ko a kati, ko a ƙofar gida, ko a kan kabarinki.

Makon jiya sabon littafinmu ya fito daga maɗaba'a. Kafin a buga, Pabel ya tambaye ni yadda nake so a rubuta sunana, ko kamar yadda yake a fasfo. Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Na san ɗa ba ya kiran sunan mahaifiyarsa, kin kuma san ban taɓa yi ba, ko a bayan idonki. Ki yafe mini wannan karon. Ni na tsara shafin da hannuna, da haruffan Larabci da na boko, na zaɓi waɗanda suka fi kyau a cikin duk abin da nake da shi. Yanzu haka littafin yana gabana. Yana cikin shagunan garin nan, zai shiga makarantu da ɗakunan karatu, ɗaliban da ba su taɓa jin sunan Karantina ba za su buɗe shi su gan ki. Kuma babu mai iya kama ki yanzu, Umma.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a Aljannar Firdausi. Ya saka wa Abu Fahad da alheri. Ya rufa wa mutanen lungunmu asiri, Ya kawo musu mafita kamar yadda Ya kawo mini. Amin, ya Rabbal alamin.

Zan sa hannu kamar yadda yake a shafin.

Naki har ranar haɗuwa,
Sa'idu ɗan Laraba, mai tsara littattafai.